In rumbunan bayanai biyu suka ce "Damagaram", wuri ɗaya suke nufi?

A kasuwar Dole ta nan Damagaram, a Nijar, ranar Alhamis, in mai saye ya tambayi kuɗin hatsi aka ce masa tiya dala kaza ce, ba ya neman tafinta. Ya san gero ake nufi da hatsi, ya san tiya kwano ne da ke cin kusan kilo 2 da rabi, ya kuma san dala guda sefa 5 ce, dala 200 su ne jika. Duk wannan sanin yana cikin kansa, babu inda aka rubuta shi a jikin buhu. Amma da zarar ma'aikacin tattara farashi ya shigar da maganar a kwamfuta, aka tura ta Yamai, daga can aka so a haɗa ta da farashin kasuwar Dawanau ta Kano ko da alƙaluman FAO, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Roma, sai kowace kalma ta zama abin tuntuɓe. A bakin Bakano hatsi ya haɗa gero da dawa, awonsa mudu ne ko tiyar da ba ta yi daidai da tamu ba, jakar da tsofaffin ƴan kasuwarsu suka sani kuwa naira 200 ce. Harshe ɗaya ne, kalmomin kusan iri ɗaya, ma'anar ce ta raba hanya a kan iyaka, kuma kwamfuta ba ta da kunnen da za ta ji wannan rabuwar.

Wannan matsala ce masana yanar ma'ana suka shafe fiye da shekara ashirin suna fama da ita. A watan Mayun 2001 Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro yanar gizo, tare da James Hendler da Ora Lassila, suka bayyana burinsu a mujallar Scientific American: a samu yanar da kwamfuta za ta iya aiki da ma'anar abin da ke cikinta, maimakon ta tsaya ga nuna wa mutum shafi ya karanta. Tubalin ginin shi ne tsarin RDF, wanda W3C, hukumar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta amince da shi tun 1999. A cikinsa kowace magana tana tsayawa ne kan abu uku kamar tukunya kan duwatsun murhu: abin da ake magana a kai, alaƙa, da abin da alaƙar ta kai gare shi. "Miriya, tana cikin, jihar Damagaram" jimla guda ke nan. Kowane ɗaya daga cikin ukun ana ba shi adireshi na dindindin irin na intanet, domin kada suna ya rikita. A rumbun Wikidata, wanda aka buɗe a 2012, Nijar ita ce Q1032, Najeriya kuma Q1033, saboda haka duk kamar da sunayen ke yi a rubutun boko, kwamfuta ba za ta ɗauki ɗaya a matsayin ɗaya ba.

Adireshi kaɗai bai isa ba, dole a sami abin da zai faɗi irin abubuwan da ke akwai a fagen da ake magana da yadda suke da juna. Wannan shi ake kira ontoloji, kalmar da aka aro daga falsafa, wadda Tom Gruber ya yi wa ta'arifi a 1993 da cewa ita ce fayyace yadda aka fahimci wani fage a rubuce ƙarara. Ontoloji na fannin noma zai ce akwai rukunin amfanin gona, a ƙarƙashinsa akwai tsaba, gero nau'in tsaba ne, kowace gona tana da mai ita, kuma abin da yake gona ba zai zama kasuwa ba. Ana rubuta irin waɗannan ƙa'idoji da harshen OWL, wanda ya fito a 2004 aka sabunta shi a 2009, a kuma yi wa bayanan tambaya da harshen SPARQL na 2008. Amfanin wannan wahala shi ne akwai manhajar da ke yin istinbaɗi, wato ta ciro hukuncin da ba a rubuta ba daga wanda aka rubuta. In an ce Miriya tana cikin jihar Damagaram, jihar kuma tana cikin Nijar, aka kuma ƙayyade cewa alaƙar "tana cikin" tana ƙetarawa daga mataki zuwa mataki, manhajar da kanta za ta fitar da cewa Miriya tana Nijar.

Sai dai yanar gizo ba ta da sarki, kuma da gangan aka gina ta haka. Kowa na da damar rubuta ontolojinsa, kowa kuma ya rubuta gwargwadon buƙatarsa. Masu lissafin jama'a suna da nasu, masu kiwon lafiya da nasu, masu taswira irin su GeoNames da nasu, manyan kamfanonin bincike Google da Bing da Yahoo suka fito da schema.org a 2011 don tasu buƙatar. Babu wanda ya yi laifi a cikinsu, domin likita da malamin gona ba su kallon ƙauye da ido ɗaya. Rikicin yana tasowa ne ranar da wani ya yi tambayar da amsarta ke warwatse a rumbuna da yawa, misali a ce ana son sanin ko tashin farashin gero a wata gunduma yana tafiya tare da yawan yaran da ake kaiwa likita da tamowa. Amsar tana buƙatar rumbun farashi da rumbun lafiya da rumbun ƙidaya su yarda a kan mene ne gero, mene ne gunduma, wace gunduma ce kuma, a wace shekara.

Mafi sauƙin saɓani shi ne na rubutun suna. Miriya da Mirriah da Myrriah, ko Magarya da Magaria, duk manhajar da ke auna kamar haruffa za ta kama su ba tare da gumi ba. Wanda ya fi shi wuya shi ne inda suna ɗaya ke ɗauke da abubuwa da yawa, ko sunaye biyu marasa kama suke nufin abu ɗaya, kuma garinmu ya haɗa duka biyun. A takardun gwamnati Zinder sunan birni ne mai da'irori biyar, kuma sunan jiha ne baki ɗaya, wadda lambarta a ISO 3166-2, ma'aunin duniya na lambobin jihohi, ita ce NE-7. A bakin mutane kuwa Damagaram ake cewa, ana nufin birnin, ko jihar, ko masarautar da Sarki Tanimun ya ɗaukaka a ƙarni na 19, wadda iyakarta ba ta taɓa zama daidai da iyakar jihar yau ba. Ga kuma Damagaram Takaya a arewa maso gabas, gari ne daban, gunduma ce daban. Manhajar da ta dogara da kamar haruffa za ta ga Damagaram ta fi kusa da Damagaram Takaya fiye da Zinder, ta ƙulla gadar ƙarya ta bar ta gaskiya.

A nan ne ake zuwa ga alaƙar da, a ganina, ta fi kowace yin ɓarna a wannan fanni, wato owl:sameAs. Ma'anarta a ƙa'ida mai tsauri ce: adireshi biyu abu ɗaya tak suke nuni gare shi, duk abin da ya tabbata ga wannan ya tabbata ga wancan, kuma hukuncin yana tafiya gaba da baya, yana ƙetarawa. In rumbu na farko ya ce Zinder ɗinsa shi ne Damagaram na rumbu na biyu, na biyun kuma ya ce Damagaram ɗinsa shi ne NE-7 na rumbu na uku, to manhajar istinbaɗi za ta narkar da birni da jiha su zama abu guda, ta ɗora wa unguwannin Birni da Zango da Sabon Gari yawan mutanen Tanut da Gure da Magarya, ta kuma ce jihar ce ta riƙe hedikwatar mulkin mallaka har 1926. Kowanne daga masu ƙulla gadojin nan biyu yana da uzuri a inda ya tsaya, haɗuwarsu ce ta haifi shirme. Harry Halpin da abokan aikinsa sun nuna tun 2010 cewa a bayanan da aka sako wa duniya mutane kan yi amfani da wannan alaƙa a inda abin da suke nufi bai wuce "suna kama" ko "suna da dangantaka" ba. Shi ya sa tsarin SKOS na 2009 ya zo da alaƙoƙi masu daraja-daraja: akwai daidai sak, akwai kusan daidai wadda da gangan aka hana ta ƙetarawa, akwai mafi faɗi, mafi ƙunci, da mai dangantaka kawai. Mai aikin da ya san abin da yake yi ya fi yawan amfani da waɗannan, ya ajiye owl:sameAs sai inda zai iya rantsuwa.

Akwai kuma saɓanin da ba na suna ba ne, na yadda aka yanka duniya ne tun farko. Ga masanin tsirrai gero da maiwa jinsi ɗaya ne, Pennisetum glaucum, don haka ontolojin da aka gina bisa ilimin tsirrai rukuni ɗaya zai ba su. Ga manomi kuwa tazarar da ke tsakaninsu ita ce tazarar da ke tsakanin wanda ya ci tumu da wuri da wanda ke jiran ƙarshen damina, kuma duk shawarar shuka da ta haɗe su ba ta da amfani a gare shi. Tsofaffin takardun Faransawa sun ƙara dagula lamarin, domin kalmarsu ta "mil" takan haɗa ƙaramin da babban, wato gero da dawa. Haka abin yake ga zumunta. Kalmar "oncle" guda ɗaya ce a Faransanci, alhali Bahaushe bai taɓa haɗa kawu da ƙanen uba ba, kuma a shari'ar gado bambancin yana da hukunci, tunda ɗan'uwan uba yana cikin asaba, ɗan'uwan uwa ba ya ciki. Daga Hausa zuwa Faransanci gadar tana ƙulluwa lafiya, kawu nau'i ne na "oncle". Komawa baya ne ba ya yiwuwa, domin bayanin da aka zubar tun wurin tattarawa babu dabarar da za ta dawo da shi. Wannan ne ya sa haɗa ontoloji yakan gangara zuwa ga wanda ya fi ƙarancin rarrabewa a cikinsu, kamar yadda ayari ke tafiya da saurin jakin da ya fi rauni.

Batun "gida" ya cancanci a daɗe a kansa, saboda kusan duk agajin abinci da rabon gidan sauro a kansa ake lissafi. Mai ƙidaya yana aiki da "ménage", wato mutanen da ke ci daga tukunya ɗaya ƙarƙashin shugaba ɗaya. Gidan Bahaushe na karkara kuwa yana iya ƙunsar maigida da ƴaƴansa masu aure, kowa da sashensa, suna noma gandu tare, kowanne kuma yana da gamanarsa, tukunyar ma takan haɗu da damina ta rabu da rani. In rumbun wata ƙungiyar agaji ya ƙirga zaure, rumbun ƙidaya ya ƙirga tukunya, aka ƙulla rukunan biyu da cewa daidai suke, jimillar za ta fito tsaf ba tare da wata alamar kuskure ba, sai ranar rabo ne za a ga buhunan ba su kai ba. Gyaran da ya dace a nan ba gada mai sauƙi ba ce tsakanin kalma da kalma. Dole a rubuta ƙa'ida mai faɗin cewa gida yana ƙunsar tukunya ɗaya ko fiye, a kuma yarda cewa ba a iya juya adadin wannan ya koma na wancan sai da ƙarin bayani daga ƙauyen kansa. Mafi yawan manhajojin daidaitawa ba su iya gano irin wannan alaƙa mai sarƙaƙiya da kansu, gwanintarsu a ɗaya-da-ɗaya take.

Lokaci ma yana sauya ma'ana alhali suna yana nan yadda yake. A 2011 Nijar ta ƙara yawan gundumominta daga 36 zuwa 63, aka ciri Takeita da Damagaram Takaya daga Miriya, Dungas daga Magarya, Belbeji daga Tanut, Tesker daga Gure. Ke nan Miriyar ƙidayar 2001 da Miriyar ƙidayar 2012 suna ɗaya gare su amma ƙasarsu ba ɗaya ba ce, wanda duk ya jera alƙalumansu a layi guda don ya auna ƙaruwar jama'a zai sami amsar da ba ta da tushe. Jimlar RDF mai ƙafa uku ba ta da gurbin cewa "daga shekara kaza zuwa kaza", saboda haka kowane mai gini yana da dabararsa: wani ya ba kowace Miriya adireshinta, wani ya rataya kwanan wata a jikin maganar kamar yadda Wikidata ke yi, wani ya yi biris da batun. Waɗannan dabaru uku su kansu sai an yi musu gada kafin a kai ga bayanan.

Hanyoyin haɗawar a dunƙule uku ne, kamar yadda Holger Wache da abokansa suka kasa su a 2001. Ana iya tilasta wa kowa ontoloji guda, abin da ke aiki a cikin ma'aikata ɗaya mai shugaba ɗaya amma ba ya ƙetare ƙofarta. Ana iya barin kowa da nasa a ƙulla gadoji biyu-biyu, sai dai lissafin yana hauhawa da sauri, rumbuna 10 suna buƙatar gadoji 45, rumbuna 20 kuma 190, kuma duk wanda ya taɓa ontolojinsa ya girgiza dukan gadojin da suka dafa shi. Ta uku ita ce ta tsakiya, kowa ya riƙe nasa amma ya ɗaure shi da wani ƙamus na tarayya, kamar yadda Bahaushe da Babarbare da Buzu da Bafillace ke haɗuwa a kasuwa su yi ciniki da Hausa kowa ya koma gida da harshensa. A fannin noma ƙamusin AGROVOC na hukumar FAO, wanda aka fara tun farkon shekarun 1980, yana yin wannan aiki. A fannin halittu masu Gene Ontology, wanda aka soma a 1998, da tarayyar OBO Foundry sun nuna cewa abin yana yiwuwa in an amince da ƙa'idojin gini tun kafin a aza tubali, da yawansu ma suna rataye ne a wani ontoloji na ƙoli mai suna BFO wanda ke rarrabe abu mai wanzuwa da abu mai aukuwa. Ita ce hanyar da ta fi dacewa da halinmu, amma tana da haraji: abin da ƙamus na tarayya bai sani ba, kamar tiya ko dami ko gamana, sai dai a cusa shi ƙarƙashin mafi kusa, ko kuwa wani ya ɗauki nauyin shigar da shi.

Game da manhajojin da ke neman gadojin da kansu, tun 2004 ake gudanar da gwaji na shekara-shekara mai suna OAEI inda ake auna su, kuma irin su LogMap da AgreementMakerLight sun yi suna a can. Suna duba kamar sunaye, su duba maƙwabtan rukuni a cikin bishiyar, wato in iyaye da ƴaƴan rukuni biyu sun dace to da alama su ma sun dace, su duba ko ɗaiɗaikun abubuwan da ke ƙarƙashinsu iri ɗaya ne, sannan su nemi taimakon ƙamus na waje kamar WordNet. Daga baya an shigo da manyan manhajojin harshe da ke koyo daga tarin rubutu. Duk waɗannan dabaru ƙarfinsu yana bin yawan rubutun da harshe ke da shi a kwamfuta, kuma Hausar da ke intanet, ban da ƙarancinta, mafi yawanta ta Najeriya ce. Manhajar da ta koyi Hausa daga nan za ta fassara hatsi da ma'anar Kano, ta ɗauki jika a matsayin ɗan ɗa, ta kuma yi hakan da cikakken tabbaci. Ko rubutun ma yana da nasa tarko, tunda mu muna rubuta ƴ su suna rubuta 'y, wasu kuma ba sa sa lanƙwasa sam, sai ƙasa da kasa su zama kalma ɗaya.

Bayan an ƙulla gadoji akwai sauran aiki, domin gadoji biyu da kowacce ke da kyau ita kaɗai suna iya jawo tufka da warwara in sun haɗu. Idan ontoloji na farko ya ƙayyade cewa likita mutum ne, mutum kuma ba zai zama gini ba, na biyun kuwa, bisa Hausar Nijar, ya sa likita a rukunin gine-ginen kiwon lafiya, gadar da ta daidaita su za ta haifar da rukunin da babu abin da zai iya shiga cikinsa. Manhaja irin LogMap tana gano wannan ta yanke gadar da ta fi rauni, kuma wannan kuskure ne mai daɗi, tunda yana ihu. Wanda ba ya ihu shi ne na zaton da ke ƙarƙashin tsarin kansa. Rumbun bayanai na gargajiya yana ɗaukar abin da ba a rubuta ba a matsayin babu, OWL kuwa yana ɗaukarsa a matsayin ba a sani ba. Ƙauyen da ba a rubuta masa rijiya ba, a wancan tsari ba shi da rijiya, a wannan kuma ana jiran labari, kuma mai tsara inda za a haƙa rijiyoyi yana buƙatar sanin wanne ake nufi. Don cike wannan giɓi ne W3C ta fitar da SHACL a 2017, wanda ke bincikar ko bayanan sun cika sharuɗɗan da aka gindaya musu.

Abin da duk wannan ke nunawa shi ne kowace gada hukunci ce da wani ya yanke, a wani lokaci, don wata buƙata. Cewa tiya kilo 2 da rabi ce, buhu kuma tiya 40, ya wadatar ga mai bin sawun farashi daga wata zuwa wata, amma bai wadatar ga mai sayen tan ɗari ba, domin tiyar gero da ta wake da ta gyaɗa ba nauyi ɗaya gare su ba, kuma cikar tiya da tozo ta bambanta da shafaffiya. Saboda haka gadar da ba ta ɗauke da sunan wanda ya ƙulla ta, da ranar, da hujjarsa, da gwargwadon tabbacinsa, ba ta da maraba da labarin da ba shi da isnadi, kuma mutanen da suka tashi a zauren karatu sun san yadda ake ɗaukar irin wannan labari. Kayan aikin rubuta wannan salsala suna nan, akwai PROV-O na 2013, akwai kuma tsarin SSSOM da masu ilimin halittu suka fito da shi don a rubuta kowace gada tare da dalilinta. Cike guraben ne ke cin lokaci, shi ya sa ake tsallake su.

A nan Damagaram yawancin rumbunan da ake da su ayyukan raya ƙasa ne masu wa'adin shekara uku ko biyar suka gina su, kowanne da rukunan da mai ba da kuɗi ya zo da su, kuma in wa'adi ya cika ma'aikacin da ya san dalilin da ya sa aka haɗa wannan gurbi da wancan yakan tafi da saninsa. Rukunan ƙasa da ƙasa kuwa ba sa tsayawa jira: kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya tashi daga ICD-10 zuwa ICD-11 a farkon 2022, kuma duk gadar da aka ɗaure da tsohon sai an sake duba ta. Aikin da ya fi gaggawa, wanda kuma ɗaliban jami'ar garin nan da ma'aikatan gona da na lafiya za su iya yi ba tare da jiran kowa ba, shi ne rubuta ƙaramin ƙamus na SKOS na ma'aunai da amfanin gona da sunayen wurare kamar yadda ake faɗarsu a nan, kowace kalma da adireshinta, da yankin da ma'anar ke aiki, da shekarun da ta yi aiki, sannan a ɗaure shi da AGROVOC da Wikidata da alaƙar "kusan daidai" ko "mafi ƙunci" a inda ya kamata. Shigarwar farko da za ta jawo gardama ita ce ta dami, domin damin Magarya da na Tanut sai an kai su sikeli kafin a san ko adireshi ɗaya za a ba su ko biyu.